Takwas, Goma

Da kwalin taliya na yi jadawalin. Na farke shi ta wurin da aka manne, na juya cikinsa, na ɗauko rular 'yata na ja layuka. Kwana biyar a tsaye, darussa a kwance. Layin Laraba ya karkace ya shiga gonar Alhamis, kuma haka na bar shi don ba ni da wani kwalin. Ranar kwana goma sha ɗaya ke nan da na hana yarana zuwa makaranta.

Gara in faɗi dalili tun yanzu in huta.

Muna haya a Rigasa, gida mai ɗaki huɗu, rijiya a tsakiya. Ni da maigidana da yara biyu: mace 'yar shekara bakwai tana aji biyu, da ƙanenta ɗan shekara huɗu wanda bai daɗe da shiga nazare ba. Ɗakin da ke kallon namu na wata baiwar Allah ce da ta girme ni. Ina ce mata Yaya, ita kuma Amarya take ce mini tun ranar da aka kawo ni gidan, har na haihu biyu ba ta sauya ba. 'Yarta sa'ar tawa ce. Ajinsu ɗaya, bencinsu ɗaya, wani lokacin ma kitso iri ɗaya muke yi musu don mu ga yadda mutanen unguwa za su rikice.

Wata Talata aka kaɗa ƙararrawa aka fita tara, su biyun suka je bakin ƙofar makaranta wurin mai awara, kamar kullum. Sai wata mata mai hijabi ruwan toka ta kira su, ta ce mu muka aiko ta, wai an kai Yaya asibiti. Ta riƙe su, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Sun kai bakin kwalbati sai tawa ta duba ledarta ta ga ba a zuba mata yaji ba. Ta fizge hannu ta koma da gudu. Ko da ta juyo, ba matar, ba ƙawarta. Wani mai faci ya ce ya ga sun shiga keke napep.

Yaji. Iyakar abin da ya raba ni da Yaya ke nan. Na juya maganar nan a raina har ta gaji da ni.

An yi cigiya a masallatai da rediyo, an je wurin 'yan sanda, an yi saukar Alƙur'ani. Har yau da nake wannan rubutun, shiru.

Maigidana yana tsaron shagon yadi na wani Alhaji a babbar kasuwa. Bakatsine ne, mai sanyin magana, amma in ya ajiye ta ba ya ɗauka. Kwana goma bai ce mini komai ba, yana gani ina rufe ƙofar gida da sakata da rana tsaka, ina bin yaran har bakin banɗaki. Sai da safen ranar da na ja jadawalin, yana ɗaura agogo ya ce, "Na bar maki su zangon nan. Amma ba ni zuba ido su tashi jahilai. In zango ya ƙare zan gwada su da kaina. In sun yi karatu, mu sake shawara. In ba su yi ba, ko dai su koma makarantarsu, ko in kai su Katsina wajen Gwaggonsu."

Gwaggon yayarsa ce, malamar firamare. Na ce, "Za su yi karatu."

"Allah ya sa," in ji shi.

Na gama sakandare, ba ƙarya. Hausa da addini na ci su da kyau, Turanci sai a zama na biyu, lissafi kuwa mun rabu ba mu yafe wa juna ba. Da wannan guzurin na buɗe makaranta. Wata ƙawata da muka yi aji ɗaya, ita ta ci gaba har ta zama malama, ta ɗauko mini hotunan manhajar aji biyu ta turo ta waya. Shafi-shafi, wasu a karkace, wasu da inuwar yatsanta a kai. Na sayi sabon littafin rubutu na kwafe su duka da hannu, mako na ɗaya har na goma sha biyu. Inda ban gane Turancin ba sai in ja layi a ƙasa, in ce zan tambaye ta. Da na gama na duba, layukan sun fi rubutun yawa.

Duk da haka, kwanakin shirin nan su ne kawai na ji numfashina ya sauka har ciki. Ina da abin yi da hannu. Na samo guntun katako a bayan ɗaki na shafe shi da gawayi da ruwan ƙaro ya zama allo. Na roƙi mai shagon ƙofar gida ya riƙa tara mini marafan kwalba don ƙirga. Na tankaɗe yashi a tire, don ƙaramin ya riƙa zana baƙaƙe da yatsa. Na huda gwangwanin madara biyu, za mu shuka wake mu riƙa auna tsawonsa duk Juma'a, wannan shi ne kimiyya. A mako na shida manhajar ta ce malami ya fita da yara su zaga unguwa, su ga kasuwa da gada da masu sana'a. Na daɗe ina kallon wurin. Sai na rubuta a nawa littafin: kallo ta taga.

Na kafa dokoki. Ƙarfe takwas kowa ya yi wanka ya sa yunifom. Daga takwas zuwa sha biyu ni ba Umma ba ce, Anti ce. Zan kira suna, ko da yake sunayen biyu ne. A jadawali na sa Alƙur'ani da fari, sai lissafi, sai Turanci, sai darasi na huɗu mai canzawa: yau Hausa, gobe zane, jibi kimiyya. Tsakanin lissafi da Turanci akwai wani siririn akwati da hannuna ya ja da kansa, don yadda na saba ganin kowane jadawali ke nan tun ina yarinya. Na cike ko'ina, na zo kansa na tsaya. Baƙaƙe huɗu ne kawai ake rubutawa a cikinsa. Na rufe biro, na maƙala kwalin a ƙusa da akwatin nan fili daga Litinin har Juma'a.

Ranar farko ta fara da kyau. Na shimfiɗa tabarma a inuwar bango, suka zauna da jakunkunansu a baya. Ƙaramin yana ta dariya, in ya ce Anti sai ya rufe fuska. Muka yi karatun surori, muka shiga lissafi. Makarantar tasu ba nisa, layi biyu ne tsakani, in iska ta juyo har muryar malamai ana ji. Muna cikin jera marafai aka kaɗa ƙararrawa, sai ihun nan na yara ya taso gaba ɗaya kamar an buɗe famfo.

'Yata ta ajiye fensir, ta miƙe tana gyara hijabi. Ba da wata manufa ba, jikinta ne ya saba. Ta ce, "Anti, an kaɗa tara."

Ban san lokacin da na kama damtsenta ba. Na dai san na jawo ta har goshinmu ya kusa haɗuwa, na ce, "Kada in ƙara jin kalmar nan a bakinki. Kin ji ni? A gidan nan babu ita. Babu ita."

Ta ce, "To, Umma."

Da na sake ta, sawun farcena huɗu yana jikinta. Ƙaramin yana kallonmu da marfi a baki. Na ce a buɗe littafin Turanci, muka zarce har sha biyu ba wanda ya sha ko ruwa. Daga baya na ba ta haƙuri a kan damtsen, na shafa mata man zafi. Ban janye maganar ba, don ban ɗauka akwai abin janyewa ba. Ni fita nake nufi. Na zaci ta gane.

Makonnin farko na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Waken ya tsiro, suka yi ta murna, na yarinyar ya riga na yaron har aka yi kuka. Ƙaramin ya iya zana baƙaƙe biyar a yashi. Na yanka tsohon kalanda na yi musu katin hotuna. Na koya wa babbar rubuta wasiƙa, ta rubuta wa Gwaggo layi uku.

Amma Turanci ya fara tona mini asiri. Mu a zamaninmu sunan baƙi ake koya mana, su kuma sautinsa aka koya musu. In na ce wannan "si" ne sai ta ce, "Ba haka Antinmu take cewa ba, 'k' ne." In na karanta kalma sai ta gyara mini, kuma ban san wace ce mai gaskiya a cikinmu ba. A lissafi muka zo ɗebewa da aro. Na iya yi, hannuna ya san hanya. Na nuna mata yadda ake soke na gefe a aro ɗaya. Ta ce, "To me ya sa in an aro ɗaya sai ta zama goma?"

Na ce haka ake yi.

"Kuma yaushe ake biya?"

Na ce ta yi shiru ta rubuta. Ranar da yamma na tura wa ƙawata tambayar, ta aiko da saƙon murya na minti shida, na saurara sau uku ban fahimta ba, kunya ta hana ni sake tambaya.

Sai kuma Yaya. Duk abin nan a tsakar gida muke yi, ita tana zaune a ƙofar ɗakinta da wayarta a cinya, ko da yaushe a cike da caji, tana jiran kiran da ba ya zuwa. Ba ta taɓa cewa mu rage murya ba. Da ma ta faɗa. Wata rana a mako na huɗu muna bitar kwanakin mako, ta shiga ɗaki ta fito da jakar 'yarta, wadda malamai suka kawo mata ranar da abin ya faru. Ta ajiye a gefen tabarmarmu ta ce, "Amarya, akwai littattafai a ciki, kada gara ta ci. Ku yi amfani da su kafin ta dawo."

Na ce, "An gode, Yaya." 'Yata ta kalli jakar, ta matsa can ƙarshen tabarma.

Washegari na mayar da makaranta cikin ɗaki na rufe ƙofa. Damina ce, ɗakin ya yi gumi, ba wuta, allon ba ya ganuwa sai na ɗage labule. Daga nan abubuwa suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Yunifom muka fara bari, don wankin ya yi mini yawa. Sai kiran suna. Darasi huɗu ya koma uku, ya koma biyu. Ciwon kai ya sa ni gaba, kuma kullum lokacinsa ɗaya: in ƙararrawar nan ta kusa. Sai in ce wa babbar, "Ɗauki marafai ki koya wa ƙanenki ƙirga," ni kuma in kwanta in juya wa bango fuska da filo a kunne. Haka muka yi makonni. Na sha jin muryarsu sama-sama suna ƙirgawa. Ko kunnena bai kama ba, ko ya kama ya ƙi gaya mini.

A littafin shiri kuwa komai yana tafiya daidai. Duk Lahadi sai in zauna in tsara mako mai zuwa da kyakkyawan rubutu, har da abin da za a yi a minti goma na farko da na ƙarshe. In wani ya ga littafin nan zai ce makarantar kuɗi ce. Maigidana yakan tambaya in ya dawo, "Ya 'yan makaranta?" In miƙa masa littafin. Ya duba ya gyaɗa kai.

Zango ya ƙare. Ranar Lahadi maigidana ba ya fita kasuwa, da hantsi ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ya zauna da kofin shayinsa. Na sa musu yunifom da na goge tun jiya. Ya fara da babbar. Surori ta kawo su tas. Karatun Hausa ba laifi. Na Turanci ta karanta shafukan da ta iya tun a makaranta, da aka wuce nan ta tsaya tana tauna leɓe. Ya ɗauki alli ya rubuta huɗu a haɗa da biyar. Ta rubuta amsar daidai.

"Madalla. Nawa ke nan?"

Ta juya masa allon.

"Na gani. Faɗi da baki."

Ta kalle ni. Ta sunkuyar da kai.

Ya ɗauka kunya ce, ya ce to bari mu ji babban mutum. Ya zube marafan a gaban ƙaramin. Yaron ya gyara zama, yana ture su ɗaya-ɗaya da yatsa, da ƙarfi, yana jin daɗin kansa. "Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida, bakwai, takwas, goma."

"A'a, malam, ka yi tsallake. Sake."

Ya sake. Takwas, goma. Har ya ci gaba don ya burge uban: sha bakwai, sha takwas, ashirin.

Uban ya ce, "To ina ka baro tara?"

Yaron ya zaro ido, ya rufe baki da hannu biyu, ya juyo wurina. "Umma, Abba ya yi zagi."

Maigidana ya yi dariya. Dariya ta gaske, har shayi ya zube masa a riga. Sai ya ga ba wanda ya taya shi. Ya ga yarinyar tana hawaye ba sauti, ya ga ni na dafa bango. Dariyar ta tsaya.

Ya jawo ta jikinsa ya tambaye ta a hankali. Ta ce Umma ta ce a gidan nan babu ita. Ta ce ita ce ta gaya wa ƙanenta kada ya faɗa, mummunar kalma ce, in an faɗe ta ana sace mutum. Wata uku yarinyar nan tana zagaye lamba guda kamar rami a hanya, a gabana, ni da na tsara mata kowane minti goma.

Ya ce yaran su shiga ɗaki. Ya daɗe yana juya marfi ɗaya a hannu. Da ya yi faɗa da na samu abin riƙewa, amma bai yi ba. Ya ce, "Mi kika yi masu haka?"

Na ce ba haka nake nufi ba. Na ce ya ƙara mini zango ɗaya, yanzu na gane kuskurena, zan sake jadawalin, zan nemi wadda za ta koya mini aro.

Ya ce, "Ba jadawali ba ne. Ke kanki kina son wanda zai riƙe ki." Ya ajiye marfin. "Zaɓin yana nan yadda na faɗa maki. Ke za ki zaɓa, ba ni ba."

Na so in zaɓi makaranta. Wace uwa ce ba za ta so ba? A cikin hutun nan na ce bari in gwada kaina. Wata safiya na riƙe hannun yarinyar muka fita, ba kowa a makarantar ma, ƙofar a rufe. Muka wuce layi na farko. Muka shiga na biyu. Da na hango kwalbatin nan sai na kasa gaba. Na tsuguna a gefen hanya kamar mai ɗaure takalmi, alhali silifa ce a ƙafata. Wata mata mai hijabi ta tsaya ta ce, "Baiwar Allah, lafiya?" Na ƙanƙame yarinyar har ta yi ƙara. Matar ta ja da baya tana salati. 'Yata ce ta jawo ni muka koma gida, tana ce mini, "Taho, Umma, saura kaɗan."

Da bakina na ce masa Katsina. Na san can ba aljanna ba ce. Can ma ana kaɗa ƙararrawa, can ma akwai mai awara a bakin ƙofa, hanyar zuwa ma abin addu'a ce. Bambancin kawai, ba zan ji ƙarar ba, kuma ba za su ga fuskata ba in an kaɗa. Ban san ko don su na zaɓa ko don kaina ba.

Ana jibi za su tafi na zaunar da ƙaramin, na jera marafai. Na ce yau darasi ɗaya ne. Muka ƙirga tare har takwas, na ɗora yatsa a kan na gaba. Na ce, "Tara." Ya kalli yayarsa. Ta ce, "Faɗi, Umma ce ta ce." Ya faɗa can ƙasa-ƙasa, yana kallon ƙofa.

Na sa musu tiren yashi da marafan a cikin kaya, uban ya fitar, ya ce Gwaggo tana da kayan aikinta. Littafin shirin ban ma nuna niyyar bayarwa ba.

Yanzu wata na biyu ke nan. Gwaggo takan kira ranar Juma'a. Ta ce babbar tana kamo 'yan ajinsu a hankali, sai dai ba ta fita in an tashi tara, a aji take zama ita kaɗai, an yi an yi ta ƙi. Ƙaramin kuma ya iya ƙirga har hamsin, amma duk inda ya zo wurin sai ya rage murya. Ta faɗa tana dariya, na taya ta.

Kwalin yana nan a ƙusa, danshi ya lanƙwasa gefensa. Waken ɗaya ya mutu, ɗayan ya kama ƙarfen taga yana hawa, ban san na waye ba a cikinsu don sunayen da muka rubuta a gwangwanin sun goge. Jakar 'yar Yaya na mayar mata, ban taɓa buɗewa ba.

Jiya da hantsi ina zaune a ƙofar ɗaki, Yaya tana ƙofar nata tana tsintar shinkafa, wayar a cinyarta. Aka kaɗa. Ihun yara ya taso ta saman katanga. Ba wadda ta ɗaga kai a cikinmu. Da ya lafa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Amarya, ke dai kin san inda naki suke."

Na ce, "Haka ne, Yaya."

Na jawo kujerata na matsa kusa da ita, ta turo mini tiren tsakaninmu.